Kotun fim tana buƙatar marubucin da ya san kotu

Tun da finafinan Hausa suka koma masu dogon zango, da wuya ka bi labari har ƙarshe ba a kai ka gaban alƙali ba. Rigimar gado, ƙazafi, kisan kai, cin amanar maigida, duk a kotu ake ƙarasa su. Mu da ke zaune a Old Kent Road, a kudancin Landan, ta YouTube muke bin su, kuma ina murna da wannan yayi, domin babu inda halin ɗan Adam ke fitowa fili kamar inda aka sa shi ya rantse. Damuwata ita ce yadda ake shirya zaman. A samu ɗaki, a ɗora wa jarumi baƙar riga da hular lauyoyi, ya yi ta kai-komo yana daka wa shaida tsawa, alƙali na buga guduma, sai can wani ya faɗo da faifan bidiyo a yanke hukunci nan take. Jaruman suna iya ƙoƙarinsu. Giɓin yana wajen waɗanda ba a gani, musamman mai rubuta labari.

Daga titin nan, bas mai lamba 63 zai sauke ka kusa da Old Bailey, babbar kotun manyan laifuka ta Landan. A cikinta aka kafa labarin Witness for the Prosecution, fim ɗin 1957 da har gobe ake buga misali da shi. Masu kallo sun riƙe sunan Charles Laughton, wanda ya fito a tsohon lauya mai ciwon zuciya, da Marlene Dietrich, da Tyrone Power, wanda wannan ne fim na ƙarshe da ya kammala kafin rasuwarsa a 1958. Amma kotun da aka gani a fim ɗin ba a Landan take ba. Alexandre Trauner, mai tsara dandali, shi ya gina kwatankwacinta a Hollywood, da akwatin wanda ake tuhuma da na shaida da kujerun lauyoyi, kowanne a mazauninsa. Labarin na Agatha Christie ne, daga wasan dandamalinta na 1953, sai darakta Billy Wilder da Harry Kurnitz suka sake zama a kansa. Su suka ƙaro ma'aikaciyar jinyar nan da ke hana lauyan shan sigari, rawar da Elsa Lanchester, matar Laughton, ta taka. Da wannan ƙari ne lauyan ya zama mutum mai rauni da taurin kai, wanda mai kallo zai ji tsoron kada ya faɗi kafin a gama shari'a.

Na san abin da furodusoshinmu za su ce: ina muka ga kuɗin Hollywood? To a dubi 12 Angry Men, shi ma na 1957. Kusan duka fim ɗin a ɗaki ɗaya aka yi shi, mutum goma sha biyu masu taya alƙali yanke hukunci suna gardama kan ran wani yaro da ake zargi da kashe mahaifinsa. Cikin kimanin mako uku aka ɗauke shi, kuma shi ne fim ɗin sinima na farko da Sidney Lumet ya ba da umarni. Reginald Rose, wanda ya rubuta shi, ya taɓa zama cikin irin waɗannan masu taya alƙali a New York, ya ga yadda gardamar take da idonsa kafin ya ɗauki alƙalami. Mai ɗaukar hoto kuma, Boris Kaufman, shi da Lumet suka fara da kyamara a saman ido, suna saukar da ita sannu a hankali, suna canza gilashinta zuwa mai matso da fuska, har mai kallo ya ji kamar bangon ɗakin na matse shi. Henry Fonda aka fi tunawa. Amma in ka cire Rose da Kaufman, abin da zai rage maza ne goma sha biyu a bakin tebur.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne muna da namu tun da daɗewa. Duk wanda ya tashi da kallon talabijin a Kano ya san wasan kwaikwayon Kuliya Manta Sabo, ya san Daudu Galadanci a kujerar alƙali. Babu guduma, babu tsawa. Alƙali yana tambaya cikin natsuwa, mai ƙara yana zuba, wanda ake ƙara yana kame-kame, gaskiya tana fitowa daga bakin mutanen da kansu. Waɗanda suka shirya shi sun san zaman kotun alƙali, shi ya sa tsofaffi suka yarda da shi, har suna koyon haƙƙinsu daga ciki.

Kuma tsarin shari'armu cike yake da abin da marubuci zai so. Kawo hujja yana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Ka tsaya ka hango mutumin da aka miƙa wa Alƙur'ani ya rantse a kan gonar marayu, 'yan'uwansa na zaune suna kallonsa. Akwai tantance shaidu, inda abokin shari'a ke da damar sukar adalcin wanda aka kawo. Akwai i'izari, tambayar ƙarshe da alƙali ke yi wa mutum ko yana da sauran abin faɗa kafin hukunci, wadda rashin yin ta kan sa kotun ɗaukaka ƙara ta rushe shari'a gaba ɗaya. Akwai matar da ta zo neman khul'i, ana lissafin sadakin da za ta mayar. Duk wannan muka bari muka ɗauko kotun finafinan Amurka da Indiya, wadda ko a nan Ingila ba haka take ba, domin alƙalan Ingila ba sa riƙe guduma, lauya kuma daga mazauninsa yake miƙewa ya yi magana.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutane da yawa, musamman mata a cikin gida, a fim suke fara ganin kotu. In aka nuna musu cewa mai ƙarfin murya ke cin shari'a, ko cewa a zama ɗaya ake gama ta, da wannan fahimtar za su je ranar da tasu ta taso.

Roƙona ga furodusoshin Kannywood shi ne su tura marubuci ya zauna a kotun shari'a da ta majistare na wasu makonni kafin ya rubuta fitowa ko ɗaya, su ba lauya ko tsohon magatakardan kotu rubutun ya duba, su biya shi. Mu 'yan kallo kuma, in fim ya burge mu, mu daure mu karanta sunayen da ke wucewa a ƙarshe, mu ambaci marubuci da mai ɗaukar hoto da mai tacewa yadda muke ambaton jarumi.