Simoki da Kirayon Ɗaya: Ni Dai Na Miƙa Wuya

Ƴan'uwana ma'abota kwalli, ku matso kusa, yau ba zan yi kara ba. A duk salon makiyaj ɗin da ya shigo Maraɗi, daga wanda muke kallo a TikTok har wanda masu gyaran amare ke zubawa a unguwar Zariya da Ali Ɗan Sofo, babu wanda ya kama ƙafar simoki. Ina nufin simokin gaggawa, na baƙin kirayon guda da ɗan yatsa, wanda ake gamawa kafin mai kabu-kabu ya gaji da danna oda a ƙofar gida. Minti biyar, wallahi.

Abin da ya sa nake mutuwar sonsa shi ne yafiya. Kun san azabar layin nan mai fiffike da ake ja da ruwan ailaina: hannu ya ɗan girgiza, sai ido ɗaya ya kalli Tibiri, ɗayan ya kalli Jiratawa, a goge, a sake, har fatar ido ta yi ja. Simoki kuwa ba ruwansa da miƙaƙƙen layi. Karkataccen ma yake so, tunda murje shi za a yi.

Ga yadda nake jin daɗinsa. A fara da ido kafin a taɓa fuska, don garin da zai zubo kan kumatu a share shi ba asara. A ɗan daddanna hoda a fatar ido ta tsotse maiƙo. Sai a ja kirayon a gindin gashin idon sama, layi mai kauri, ba tsoro, a ƙara masa faɗi ta wajen gefe. Nan take, tun bai bushe ba, a sa yatsan zobe ko tsinken auduga a murza shi sama a hankali. To nan ne wajen da nake so, ƴan'uwa. Kina kallon madubi, wannan mummunan zane mai kama da na ɗan yaye sai ya narke, ya baje, ya koma wani lallausan duhu mai laushi, mai zurfi, mai nauyi a gindi yana sassautawa yana hawa har ya ɓace cikin fata, farin idon ya ƙara fari, kallon ya ƙara kaifi. Tubarkalla!

Sauran duk ƙari ne. Ruwan ƙasa daga falet a lanƙwasar ido don kada baƙin ya tsaya ƙiƙam shi kaɗai. Ɗan abin da ya rage a yatsa a shafa a ƙasan ido, daga tsakiya zuwa gefe kawai. Maskara sau biyu. Ɗigon ruwan gwal a kusurwar da ke kusa da hanci. Leɓe kuma a bar shi ya huta, man leɓe ya isa. In ido na magana, baki ya yi shiru.

Kuma ku faɗi gaskiya, wa wannan kwalliya take karɓa kamar mu? A fatarmu ruwan tagulla da jan ƙasa da shunayya mai duhu wani irin haske suke yi da ba a samu a jikin hoton kwalin falet ba. Ga shi hijabi ko mayafi ya rufe gashi da kunne da wuya, ya bar wa ido filin shi kaɗai. Ranar Sallah a ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, cikin ƙurar dawakai da ƙyallin shadda, duba da kyau ki ga wace fuska ke tsayar da kallo. Mai simoki ce.

Ba baƙon abu ba ne a wajenmu ma. Kakanninmu da tandun kwallinsu na fata suke tafiya, su zizara da safe, kafin azahar ya ɗan baje da kansa ya ba da wannan inuwar da yau ake biyan kuɗi a koya. Ga shi kuma sanya kwalli na ismid sunna ce da kowa ya sani.

Ƙorafi? Akwai. Na farko bazara. In Afrilu ya kama, zafi ya haura digiri 40, aka kuma ɗauke wuta, kirayon mai arha kafin a kai amarya ya gangaro kumatu. Maganinsa a danne shi da baƙin gari na falet, ya zauna daram. Na biyu jabu: a Babbar Kasuwa za ki ga suna iri ɗaya, kwali iri ɗaya, amma ɗaya tauri kamar na rubutun lakkwal. Gwada a bayan hannu. In bai zame da sauƙi ba, in bai murzu ba, ajiye musu kayansu.

Na uku ba na wasa ba ne. Yawancin dutsen kwallin nan mai ƙyalli da ake niƙawa dalma ce a cikinsa. A 2012 hukumar CDC ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston, ɗan iyaye ƴan Najeriya, da aka samu dalma a jininsa, kuma kwallin da ake sa masa ya ƙunshi dalma sama da kashi 80 cikin 100. Don Allah a raba idon jarirai da shi, mai ciki ma ta yi nesa. Kirayon kuma ba a aro, ko na aminiya ne, ciwon ido ba ya sanin zumunci.

Ban da wannan, ba ni da abin cewa sai yabo. Ba ya cin kuɗi, ba ya cin lokaci, ba ya neman buroshi goma sha, yana shiga suna, yana shiga biki, yana shiga ofis in an sassauta hannu. Wadda ba ta taɓa gwadawa ba, ta fara da ruwan ƙasa mai duhu kafin baƙi. Mu da muka riga muka faɗa kuwa, sai dai a yi mana addu'ar kirayon mai laushi. Goma bisa goma, kuma ba na jiran gardamar kowa.