Masu Bin Sawun Tsoffin Motocin Tseren Amurka

Motar tsere gajeren kwana gare ta. Ana ƙera ta domin gasar bana, in kakar gasa ta wuce aka fito da wadda ta fi ta gudu, sai a sayar da ita a arha. Wanda ya saya ya sake mata fenti, ya cire injin da ya gaji ya ɗora wani, na bayansa kuma ya canza fitilu da kujeru, har ta kai babu mai iya shaida ta. A Amurka akwai wasu makanikai ƙalilan da suka mai da neman irin waɗannan motoci sana'arsu. Gwanintarsu kashi biyu ce: su tabbatar cewa wannan ƙwaraɓaɓɓiyar ita ce wadda ta yi tseren, sannan su mayar da ita yadda take a ranar. Kashin farko shi ne mai wuya, shi ne kuma tushen darajar aikin duka.

Labarin motocin Briggs Cunningham ya ishe mu misali. A watan Yuni na 1960 wannan attajiri ya kai Corvette guda uku, farare masu ratsin shuɗi, zuwa gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa. A lokacin kamfanonin motocin Amurka sun yi yarjejeniya tun 1957 cewa ba za su shiga tsere da sunansu ba, saboda haka taimakon da injiniyan Chevrolet, Zora Arkus-Duntov, ya ba shi a ɓoye ya bayar. Mai lamba 1 ta kife cikin ruwan sama ta kama wuta. Mai lamba 2 injinta ya mutu. Mai lamba 3, wadda John Fitch da Bob Grossman suka tuƙa, ta fara zafi ana dab da ƙarewa, ga shi doka ta hana ƙara ruwa a lagireto sai bayan an yi zagaye 25. Sai makanikai suka riƙa cusa ƙanƙara a kewayen injin duk lokacin da ta tsaya. Da haka ta lallaɓa ta zo ta takwas a jimla, ta ɗaya a rukuninta.

Bayan gasar aka mayar da su motocin hawa na yau da kullum aka sayar, suka shige cikin dubban 'yan'uwansu. Corvette ta 1960 an ƙera fiye da dubu goma, kuma in an cire kayan tsere duk kamarsu ɗaya. To, ta ina za a fara?

Daga takarda ake farawa. Kevin Mackay, mai garejin gyaran Corvette a Valley Stream ta jihar New York, ya nemi lambobin shasin motocin daga ƙungiyar da ke shirya gasar Le Mans, domin kowace mota da ta shiga sai da aka rubuta lambarta lokacin tantancewa. Samun lambar nan shi ya mai da jita-jita abin da za a iya bi. Daga nan sai bin rajistar motoci, da tsoffin tallace-tallacen jarida, da tambayar dattawan da suka yi aiki a ƙungiyar Cunningham tun suna da sauran tuni. Ta wannan hanya aka gano mai lamba 3, kuma Chip Miller, wanda ya daɗe yana begenta, ya saye ta a 2000.

Sai dai lamba kaɗai ba ta wadatar, tunda farantin lamba ana iya ciro shi a maƙala wa wata motar, kuma inda kuɗi ya yi yawa ba a rasa 'yan damfara. Nan ne mai wannan sana'a yake zama kamar mai bin sawun ɓatacciyar dabba a daji, wanda karyayyen reshe ma labari yake ba shi. Jikin Corvette da zaren gilashi haɗe da danƙo ake yin sa, don haka duk ramin da aka taɓa hudawa aka toshe, tabonsa yana nan ta ciki. Mai bincike zai kankare fenti a hankali, shafi bayan shafi, yana neman farin asali. Zai leƙa bayan kujeru ya ga ko an taɓa yanka wurin domin babban tankin mai, ya duba shasi ko akwai ragowar walda inda aka taɓa ɗaure wani abu na tsere. Kowane tabo sai ya kai shi gaban hotunan ranar gasar ya gwada. In ramukan da ke jikin mota suka faɗa daidai inda hoto ya nuna fitila ko maɗaurin bonet, hujja ta kafu. Mai ƙirƙirar jabu yana iya kwaikwayon abin da kowa ke gani, amma da wuya ya san ramin da wani makaniki ya huda cikin gaggawa shekara arba'in da suka wuce.

Bayan tabbatarwa sai tambaya ta biyu: wace rana za a mayar da ita? Motar tsere takan canza daga gasa zuwa gasa, saboda haka dole a zaɓi rana guda a tsaya a kanta. Ga mai lamba 3 amsar a fili take, wato Le Mans ta 1960. Ke nan sai a nemo ƙafafun Halibrand irin na lokacin, da injin V8 mai girman inci 283 da na'urar fesa mai ta Rochester, da agogunan gaban direba na zamanin. Abin da ya gagara samuwa a ƙera shi da hannu bisa awon da aka ciro daga hoto. Jarabar da ke damun gwani a nan ita ce son ya wuce asali kyau. Waɗanda suka haɗa motar a 1960 sauri suke yi, waldarsu ba ta da tsafta, fentinsu ba ya ɗaukar ido. In mai gyara ya goge wannan duka, ya yi wa tarihi ƙarya komai ƙyallin aikinsa.

Chip Miller ya rasu a 2004 bai ga cikar burinsa na mayar da motar Faransa ba. Ɗansa Lance ne ya cika masa a 2010, shekara 50 cif bayan gasar, inda John Fitch, yana da shekara 92, ya sake zagaya filin Le Mans a cikinta. Ita kuwa mai lamba 1 sai daga baya ta ɓulla a wani sito a Florida, an sauya mata fuska har ba ta kama da Corvette. Duk da haka, da lambar shasi ta tabbatar da ita, aka sayar da ita a gwanjo a 2021 kan dala 785,500, tun ba a taɓa ta ba.

Akwai kuma matakin da ya fi wannan, wato sanin lokacin da za a janye hannu. Shelby Daytona Coupe guda shida kacal aka ƙera, bisa zanen Peter Brock, kuma su suka taimaka wa Carroll Shelby ya doke Ferrari a gasar duniya ta rukunin GT a 1965. Ta farkonsu, mai lamba CSX2287, ta kafa tarihin gudu 23 a filin gishiri na Bonneville a ƙarshen 1965 ɗin, sannan ta shafe kusan shekara talatin a kulle a ɗakin ajiya a Kalifoniya. Da ta shiga hannun Fred Simeone, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Filadelfiya, bai yarda a sabunta ta ba. An tsabtace ta, an gyara abin da zai sa ta tashi, aka bar mata tsohon fentinta da lotsewarta. A 2014 ita aka fara rubutawa a rajistar motocin tarihi ta Amurka.

Hanyoyin biyu duka daidai ne, kowace a muhallinta. Motar da wasu suka riga suka ɓata wa kama tana bukatar mai dawo da ita, wadda ta tsira da asalinta kuwa mai tsare ta take bukata. Wanda bai zauna da takardu da hotuna ya san tarihin motar ba, ba zai iya bambance su ba, kuma a wannan sana'a irinsa ba a ba shi sufana.