Samanja Mazan Fama da Hausar bariki: dubawa daga kwarin Komadugu

Gabatarwa

Ran 12 ga Nuwamba 2023 Allah ya yi wa Usman Baba Pategi rasuwa a Kaduna, yana da shekara 81. Galibin masu ta'aziyya sun tsaya ga yabon ɗan wasan da ya ba jama'a dariya. Manufarmu a wannan ɗan nazari ita ce mu duba abin da dariyar ta ginu a kai, wato harshen da ya sa a bakin Samanja, sa'an nan mu auna shi da matsayin Hausa a Difa da kwarin Komadugu, inda ba ita ce harshen uwa na yawancin jama'a ba.

1. Mutumin da aikinsa

An haife shi a 1942 a Pategi, bakin kogin Kwara, cikin gidan sarautar Nufawa. Ke nan Hausa ba harshen da ya tsotsa a nono ba ce, koyonta ya yi. Ya yi aiki a gidan rediyo da talabijin na Arewa da aka buɗe a Kaduna a 1962, ya shiga soja a zamanin yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, daga baya ya duƙufa ga wasan kwaikwayo. Shirin Samanja Mazan Fama, wanda ya yi tashe a talabijin ta Kaduna cikin shekarun 1970 da 1980, shi ya ba shi sunan da ya danne na yanka. Abubuwa biyu ne, a ganinmu, suka yi masa jari: kunnen wanda ya koyi Hausa daga waje, da sanin bariki daga ciki.

2. Harshen Samanja

Kalmar samanja kanta aro ce daga Ingilishi, kamar kofur da saje da fareti da bariki. Tun zamanin mulkin mallaka Hausa ce harshen ba da umarni a rundunar Ingila ta Nijeriya, kuma da yake kurata daga ƙabilu da yawa suke, sai aka sami wata Hausa da masana ke kira Barikanci. Alamominta sanannu ne. Jinsi yakan ɓace, a ce "mace ya zo". Ƙ da ɗ da ɓ sukan koma k da d da b, har ƙasa da kasa su zama abu guda. Kalmomin Turanci kuma sukan shigo ba tare da sallama ba.

Daga wannan rumbu Pategi ya ɗiba. Gwanintarsa tana ga yadda yake sauya harshe gwargwadon wanda ke gabansa: tsawa da gutsattsarin Turanci ga kurata, ladabi da rawar murya gaban hafsa, sa'an nan wata murya dabam idan ya koma gida, inda igiyar da ke hannun rigarsa ba ta da amfani. Mai kallo yana gane matsayin kowa cikin wasan daga yadda Samanja ya yi masa magana, ko da bai ga kaki ba.

A nan ne muke ganin ya bambanta da masu kwaikwayon Bagwari ko Bayarabe ko Babarbare don a yi wa lafazinsu dariya. A irin wancan wasa mai gurɓatacciyar Hausa baƙo ne a gefe, Bahaushe ne alƙali. A wasan Pategi kuwa mai Hausar bariki shi ne tauraro, shi ke da iko, shi labari ke bi. Abin dariyar shi ne cika bakin mai ƙaramin muƙami, wanda yake zaki ga na ƙasa, kyanwa ga na sama.

3. Inda aikin ya gaza

Sai dai ba za mu rufe ido ga raunin shirin ba. Ya bunƙasa ne a gidan talabijin na gwamnati, a ƙasar da soja suka mulka daga 1966 zuwa 1979, suka kuma dawo a ƙarshen 1983. Zolayar ta tsaya ga samanja, ba ta hau zuwa ga masu juyin mulki ba. Ana iya cewa ma ta mai da kaki abin sabo a tsakar gida, ta rage masa kwarjinin da ya kamata ya sa a yi tambaya. Wannan iyaka ba baƙuwa ba ce gare mu: wasannin Samariya na zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, su ma sun fi samun sukunin sukar ɗan kasuwa da ƙaramin ma'aikaci bisa ga sukar mai mulki.

4. Daga Kaduna zuwa Yebi

Me ya haɗa wannan da Difa? Barebarin Manga da Mobar, da Fulani, da Tubawa, da Buduma, da Larabawa, suna haɗuwa da Hausa a kasuwa da tasha da asibiti. Barbarci ba shi da jinsin nahawu, ba shi kuma da ƙ da ɗ da ɓ, saboda haka Hausar manomin tattasai na bakin Komadugu takan ɗauki wasu alamomin da muka ambata a sama. Tun harin Boko Haram a Boso da Difa cikin Fabrairu 2015, da dokar ta-ɓaci da ta biyo baya, da harin Yebi na Mayu 2016, haɗuwar soja da talaka ta zama abin yau da kullum a yankin. Idan sojan Bazabarme ne, mutumin kuma Babarbare, sau da yawa Hausar da ba ta ɗayansu ba ce ke raba gardama a shingen bincike. A wurin Samanja rashin fahimta dariya take haifarwa. A shinge tana iya jawo wa mutum tsarewa.

Kammalawa

Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Tambayar da ke gabanmu, mu malamai da ɗalibai, ita ce: wace Hausa? In muka ɗauki ta Katsinar Maraɗi ko ta Damagaram ko ta littattafan Kano kaɗai a matsayin sahihiya, muka kira saura kuskure, to mun mai da mutumin Yebi baƙo cikin harshen da aka ce na ƙasarsa ne. Aikin Pategi shaida ce cewa Hausar wanda ya koye ta tana da tsari, tana ɗaukar hikima da zambo da tausayi. Muna ba da shawara a tattara abin da ya rage na kaset-kaset ɗin shirin a rubuta maganganunsa yadda aka faɗe su, a kuma naɗi Hausar kasuwar Difa ta wannan hanya, domin a kwatanta su kafin a zauna tsara nahawun makaranta.