Yayye huɗu a kan auta ɗaya

Sau biyar ke nan ina kallon Four Sisters and a Wedding, kuma duk sau biyar ɗin a wuri ɗaya nake fashewa da kuka. A karo na uku na yi wa kaina alkawari cewa ba zan yi ba, tunda na riga na san abin da za a faɗa kalma bayan kalma. Ina! 'Yar wasa Bea Alonzo na buɗe baki sai ga ni ina laluben gefen zani ina share hanci. Ƙanwata da ke kwance kan tabarma ta ɗago kai ta ce, "Yaya, wai mutuwa aka yi miki ne a Manila?" Na ce mata ta matso ta gani da idonta. Kafin a ƙare ita ma ta jiƙe filo.

Fim ne na ƙasar Filifin, ya fito a watan Yunin 2013, kamfanin Star Cinema ne ya shirya shi a shekarar da ya cika 20 da kafuwa. Mai ba da umarni Cathy Garcia-Molina ce, matar da ta yi One More Chance a 2007 da Hello, Love, Goodbye a 2019. Matar nan ta san inda zuciya take, kuma ba ta jin nauyin sa hannu ta murɗe ta. Sai ta bari ka yi dariya har cikinka ya ƙulle, ka saki jiki, sannan ta kawo maka duka ta inda ba ka zata ba.

Labarin gidan Salazar ne. Uwa ɗaya, Grace, mijinta ya rasu. 'Ya'ya mata huɗu a jere, Teddie da Bobbie da Alex da Gabbie, sai namiji ɗaya tilo a ƙarshe, CJ, wanda suke kira Rebreb. Tun suna ƙanana su huɗun suka duƙa suna roƙon Allah ya ba su ƙane namiji, ya kuma ba su. To ka san yadda ake riƙe abin da aka roƙa da hawaye. Ga shi auta, ga shi namiji ɗaya cikin mata, shalele na gaske. Kwatsam yaron nan ya ce aure zai yi, da wata yarinya mai suna Princess da bai fi 'yan watanni da saninta ba. Nan fa aka yi ta buga waya, yayye suka tattaro daga inda suke, a fili don biki, a ɓoye kuwa don su wargaza shi.

Kada ka raina tsoron nasu. A Filifin dokar ƙasa ba ta ba da damar saki ba, in ban da Musulminsu da ke da tasu dokar ta aure tun 1977. Wanda ya yi kuskuren aure a can, sai dai ya bi doguwar hanyar kotu mai cin kuɗi don a ce auren bai ɗauru ba tun asali. Da na san wannan sai na daina ganin yayyen nan a matsayin 'yan hana ruwa gudu kawai.

Amma bari in fara da dariyar, don akwai ta buhu-buhu. Dangin amarya, gidan Bayag (sunan da a harshen Tagalog ba a faɗarsa gaban surukai, iyakar abin da zan ce ke nan), masu kuɗi ne irin waɗanda ba sa son kuɗin ya yi shiru. Carmi Martin, wadda ta fito a uwar amarya, kai, Allah ya yi mata baiwa! Daga shigarta zuwa yadda take murɗa Turanci, komai nata sai ya yi ƙara. Ranar da gidan Salazar suka je abin da 'yan Filifin ke kira pamamanhikan, wato zuwan dangin ango gidan amarya don neman aure da tsara biki, na ga gaisuwar surukai irin wadda kowa ke murmushi da haƙora alhali ƙafa na taka ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ga kuma rigunan da aka ce ƙawayen amarya za su sa, waɗanda ko dodon gona aka rataya wa sai ya kai ƙara. Sannan aka zo da takardar yarjejeniyar dukiya da ake son CJ ya sa wa hannu kafin aure, abin da yayyensa suka ɗauka cin fuska ne tsagwaronsa. Har gidan tausa na surukan suka tura ɗan leƙen asiri, suna zaton za su bankaɗo abin kunya, suka dawo da kunyar a kansu. Na maimaita wannan wurin har sai da wayata ta yi zafi.

Duk wannan kuwa yaudara ce. Bikin CJ sanadi ne kawai da aka samu na tara mata huɗun nan ƙarƙashin rufi ɗaya, don kowace na ɗauke da ƙulli a ranta, kuma kowace ta tabbata ita ce ta fi shan wahala saboda gidan.

Ɗauki Teddie, 'yar fari, wadda Toni Gonzaga ta fito a matsayinta. A gida an san ta malamar makaranta ce a Madrid. Gaskiyar magana, aikin ya daɗe da suɓuce mata lokacin da tattalin arzikin Sifaniya ya durƙushe (a 2013 rashin aikin yi a can ya haura kashi 26 cikin ɗari), ta koma aikatau a gidan mutane da kai abinci a gidan cin abinci. Ko kuɗin jirgi ba ta da shi, sai da wani ɗan ƙasarsu mai suna Frodo ya tallafa mata. Amma dubi yadda ta sauka: ƙafa kan ƙafa, baki cike da labarin Turai, tana ba da umarni kamar mai gari. Ana dariya, ni kuwa cikina na juyawa, don na san irinta. Duk wanda ke da 'yar uwa a Jidda ko Makka ya san muryar nan da ake yi a waya, "lafiya lau wallahi, komai daidai," alhali hannun da ke riƙe da wayar ya tsage da wanke-wanke. Matanmu da ke can ma ai tare suke aikin da 'yan Filifin ɗin. Miliyoyinsu ne a waje, a Saudiyya da Hong Kong da Italiya da kan jiragen ruwa, kuma kuɗin da suka aika gida a shekarar da fim ɗin ya fito ya haura dala biliyan 20. Suna da kalmarsu ta tsaraba, pasalubong, kuma kamar mu, ba a dawowa hannu rabbana ko da bashi za a ci.

Wani abu da ya tsaya mini a rai: a wurinsu babbar 'yar uwa Ate ake ce mata, auta kuma bunso. Kalmar yaya kuwa, a bakin 'yan Filifin, mai raino ce, 'yar aikin da ke kula da 'ya'yan wasu. Ni da ƙannena ke kira Yaya tun ina goya su, da na gano haka sai na yi shiru na ɗan lokaci. Teddie dai ta haɗa duka biyun.

Alex, wato Angel Locsin, ita ce baƙar tunkiyar gida, mai aiki a bayan kyamara a masana'antar fim, mai saurin hannu da saurin baki. Laifinta babba ne: tana soyayya da Chad, tsohon saurayin yayarta Bobbie, shi ya sa su biyun ba sa ga maciji. Ina son Angel Locsin a nan ƙwarai, musamman ranar da ta gano Chad ɗin ma cin amanarta yake. Gabbie kuma, Shaina Magdayao, malama ce, ita ta zauna gida tana kula da uwa, har ana yi mata gorin rashin aure. A nan nake da ƙorafi ɗaya tak a kan fim ɗin da nake ƙauna: an yi wa Gabbie rowar lokaci. Wadda ta zauna, ta dafa, ta kai asibiti, ta ji ƙorafin tsohuwa safe da yamma, ita ce fim ɗin ma ya fi mantawa da ita. Ko da gangan aka yi don a nuna yadda gidaje ke yi wa irinta, ko kuwa an shagala ne, ni dai na so a ba ta fage ta yi nata kukan sosai.

Sai Bobbie, wato Bea Alonzo. Wayyo Bobbie! A kallon farko na tsane ta. Ta zo daga New York da babban muƙami, da Turanci mai kaifi, da saurayi Tristan wanda Sam Milby ya fito a matsayinsa, mai haƙuri kamar damo, da 'yarsa ƙarama da ba ta son ganinta. Komai nata a tsare, magana in ta faɗa kamar ta yanka da reza. Na ce ga mai girman kan gidan nan. Ashe tarko aka ɗana mini, na kuma faɗa har wuya.

Wanda bai kalla ba ya tsallake sakin layi biyu masu zuwa, don ba zan iya riƙe bakina ba. A wajen wani wasan kacici-kacici da surukai asirin Teddie ya fara tonuwa. Aka dawo gida, aka tsaya a falo, Teddie ta durƙushe tana ba uwarta haƙuri, tana faɗin cewa ita 'yar aiki ce, ta ɓoye ne don kada ta ba ta kunya. Toni Gonzaga, wadda tun farkon fim take ba mu dariya, ta narke gabanmu har ba ka iya kallon fuskarta. Sai ya bayyana cewa Bobbie ta daɗe da sani, tana rufa mata asiri. Maimakon godiya, sai magana ta juyo kanta. A nan ne ta yi tambayar nan da 'yan Filifin suka mayar abin zolaya a intanet har yau, wato don me komai ke zama kamar laifinta ne. Daga nan ta fara lissafi, ba da ihu ba, da murya mai rawa irin ta wanda ya shekara ashirin yana haɗiye magana. Ta ce kowa a gidan yana da mai sonsa fiye da saura, Teddie ta uwa ce, Alex ta uba, ita kuwa ba ta kowa ba ce. Ta tuna ranar da ta dawo da lambobin yabo rututu daga makaranta, amma guda ɗaya tak da Teddie ta samo aka yi ta yabawa. Ta faɗi kaɗaicin da ta sha a Amurka, tana son dawowa gida ba hali, saboda gidan na jiran abin da za ta aiko.

Abin da ya kashe ni shi ne amsar uwar. Coney Reyes, wadda ta fito a uwar, ba ta yi musu ba, ba ta ce "duk ɗaya kuke a wurina" irin ta iyaye ba. Ta amsa cewa hankalinta ya fi karkata ga waɗanda ta ga suna da rauni, ita kuwa Bobbie ta ga kamar ba ta buƙatar kowa. Ta ba ta haƙuri. Uwa ta dubi 'yarta ta ba ta haƙuri! Na tsayar da fim ɗin a nan na fita tsakar gida na sha iska. Mu da aka raina a kan cewa tsakanin ɗa da mahaifi sai dai ɗa ya durƙusa, wannan abu ya girgiza ni. Kuma ka lura, kyamara ba ta yin wani tsalle-tsalle a wurin. Falo ne, mutum shida, fuskoki jiƙe, an bar 'yan wasa su yi aikinsu. Bea Alonzo ba ta kuka irin na fim, mai kyau da tsari. Leɓenta na karkarwa, tana ƙoƙarin ci gaba da magana cikin natsuwa kamar tana taron ofis, abin yana ƙwace mata. In akwai wasan da ya fi wannan a fina-finan iyali, a nuna mini, zan biya kuɗin data.

Harshen ma abin sha'awa ne ko ga mai bin fassarar ƙasan allo. Suna cakuɗa Tagalog da Turanci a jimla ɗaya, abin da suke kira Taglish, kamar yadda 'yan bokonmu ke yin ingausa, ga kuma kalmomin Sifaniyanci da suka rage musu daga mulkin mallakar sama da shekara 300. Bobbie ta fi kowa Turanci, kuma 'yan uwanta da shi suke yi mata gori.

Ƙarshen ba zan faɗe shi duka ba. Akwai wani camfi nasu da ake kira sukob, wanda ke cewa ba a ɗaura aure a shekarar da aka yi rasuwa a gida, kuma da shi aka warware ƙullin ta hanyar da ta sa na yi tafi ni kaɗai da tsakar dare. An dai yi biki, an sa fararen kaya, an yi rawa. Wa aka aurar, je ka gani.

A Disamban 2020 an fitar da Four Sisters Before the Wedding, wanda ya koma baya zuwa 'yan matancinsu, da sababbin fuskoki irin su Charlie Dizon da Belle Mariano. Na kalla, ya yi daɗi, amma bai kama ƙafar na farko ba. Na riga na tura wa yayata da ke aure a wani gari fim ɗin farko na 2013 ɗin, na ce ta kalla ita kaɗai bayan yara sun yi barci. Jiya da asuba ta kira ni, murya a dishe, ko gaisuwa babu, ta ce, "Ke, wace ce Bobbie a gidanmu?" Na ce ni ce mana. Ta ce ƙarya nake, ita ce, har yanzu kuma ba mu gama wannan musun ba.