Littattafan Labarin Gaskiya Da Ya Kamata Malamai Su Nema

Malaman makarantun horon malamai sukan yi kukan cewa in aka fita daga ƙagaggun labarai da waƙoƙi, babu abin da za a ba ɗalibi ya karanta. Kukan yana da hujja, amma rabinsa ne gaskiya. Littattafan da ke ba da labarin rayuwar mutanen Arewa, da siyasarsu, da lafiyarsu, suna nan da dama. Abin da ya yi ƙaranci shi ne waɗanda aka rubuta da Hausa.

Dā ba haka abin yake ba. Cikin 1944 Abubakar Imam ya fid da Tafiya Mabuɗin Ilmi, labarin zuwansa Ingila cikin 1943 tare da editocin Afirka ta Yamma. Shi da Dokta East suka rubuta Ikon Allah, wanda ya bayyana halittu iri iri da Hausar da yaron elementare zai fahimta, ba tare da an cusa mata Turanci ba. Malam Aminu Kano ya bi baya da Motsi Ya Fi Zama cikin 1955. Waɗannan sun isa shaida a kan cewa zuben Hausa yana iya ɗaukar kimiyya da labarin ƙasashe. Da hukumar NORLA ta rushe cikin 1959, aikin ya ja baya, manya kuwa suka koma ba da labarin kansu da Turanci.

Kaduna ce ta fi nuna wannan. A arewacin kogi, a ƙasar Doka, Sardauna ya zauna yana Firimiya, gidansa ne kuma ya zama Gidan Arewa cikin 1970. Littafinsa, My Life, da Turanci ya fito cikin 1962. Shaihu Abubakar Gumi, wanda ya fassara Alƙur'ani da Hausa, ya kuma shekara da shekaru yana karantarwa da ita a masallacin Sultan Bello, shi ma da Turanci ya bar tarihinsa, watau Where I Stand, wanda Isma'ila Tsiga ya taya shi rubutawa, ya fito cikin 1992, shekarar da ya rasu. Duka biyu sun cancanci karatu, muddin malami ya nuna wa ɗalibai cewa mai ba da labarin kansa mai kare kansa ne. Haka za a ɗauki Stepping on Toes na Hadiza Bala Usman, na 2023, inda ta faɗi yadda ta riƙe hukumar tashoshin jiragen ruwa daga 2016 har aka kawar da ita cikin 2021. Shaidar ɓangare ɗaya ce, amfaninta kuwa ga ɗalibi shi ne ya koyi tambayar abin da ɗaya ɓangaren zai ce.

Wanda ya fi su nauyi ga mutanen Kaduna, baƙuwa ce ta rubuta shi. Elisha Renne, malamar jami'a a Amurka, ta fid da Death and the Textile Industry in Nigeria cikin 2021. Masaƙar Kaduna da ke Kakuri, a hayin kudu, ta fara aiki cikin 1957, aka rufe ta cikin 2002 ba a biya ma'aikata haƙƙinsu ba. Marubuciyar ba ta tsaya ga lissafin auduga da wutar lantarki ba. Ta bi matan ma'aikatan da suka mutu suna jiran kuɗin sallama, ta tambaye su me ya kashe mazan, ina aka binne su, yaya aka yi da karatun 'ya'ya. A nan siyasa da lafiya suka zama magana ɗaya. Aibinsa shi ne an rubuta shi don masana, da salon da zai gajiyar da ɗalibin shekarar farko; sai malami ya tsinto masa babi ɗaya ko biyu.

Littafinta na 2010, The Politics of Polio in Northern Nigeria, shi ne ya fi dacewa da ajin harshe. A Zariya ta yi yawancin binciken, a kan ƙin allurar rigakafi da ya kai ga dakatad da ita a Kano daga 2003 zuwa 2004. Likita yana cewa ƙwayar cuta, uwa kuwa tana cewa shan inna, watau Inna, ta cikin iskoki, ita ta shanye ƙafar yaron. Sunan da kansa ya riga ya faɗi sanadin ciwon, ya kuma nuna wurin wanda za a je neman magani. Ma'aikacin lafiya da ya ari kalmar bai lura da abin da take ɗauke da shi ba, yana rushe maganarsa da bakinsa. An tabbatar cikin 2020 cewa cutar ta asali ta ƙare a Afirka, amma darasin kalmar bai tsufa ba. A haɗa shi da Hausa Medicine na Lewis Wall, na 1988, wanda ya tsaya a kan ma'anar lafiya da ciwo da magani a ƙauyen Hausa.

Akwai tsohon littafi guda da bai kamata a tsallake ba. Baba ta Karo ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, ta yi maganar rinji da bayi, da aure huɗu, da ƙawance, da riƙon 'ya'yan dangi. Da Hausa ta faɗa, da Turanci aka buga cikin 1954, sai bayan shekaru masu yawa Hausar ta fito da sunan Labarin Baba. Ita ya kamata a nema, a aza ta kusa da fassarar, ɗalibai su gwada shafi da shafi su ga inda kishiya da kunya da ɗan riƙo suka ƙi shiga Turanci. Aikin fassara na ƙarshen shekara kuwa, maimakon guntayen labaran jarida da aka saba bayarwa, a ba kowane ɗalibi shafi goma na littafin masaƙar Kakuri ya mai da su Hausa.