Zaƙi da wuta a gashin naman Minna

Da zarar an sallame sallar magariba, hayaƙin masu gashi kan tashi a Tunga, Bosso, Kpakungu da kewayen shataletalen Mobil. Minna ƙasar Gwarawa ce, amma tun da layin dogo na Baro zuwa Kano ya ratsa ta wajen 1911, fatake da mahauta Hausawa suka yada zango, tsire da balangu suka zama abincin daren garin. Yanzu wani sabon salo yana kutsowa ta wuraren cin abinci na zamani da bidiyoyin wayar hannu: a shafe awazun rago da miya mai zaƙi, ta zuma ko sukari da tumatir, a gasa har ta yi sheƙi. Asalinsa Amurka ne, musamman birnin Kansas, inda haƙarƙarin alade suke yi wa haka. Mu nan rago da akuya ne suka maye gurbi.

Wasu dattawan mahauta na ganin zaƙi da nama ba su haɗa hanya ba. Ban yarda da su ba, kuma kilishi ne hujjata. Labun da ake tsoma shi a ciki, ban da tunkuza, citta, kanumfari, masoro da albasa, da yawa sukan sa masa sukari ko zuma. Abin lura shi ne inda magabata suka ajiye zaƙin. Kilishi rana ce ke yi masa yawancin aiki: a yanyana naman fale-fale, a shanya, a tsoma a labu, a sake shanyawa, sannan a gifta shi bisa garwashi na ɗan lokaci. Tsire kuwa, da yake daɗewa a gefen wuta, garin ƙuli da yaji da man gyaɗa kawai ake ba shi. Ƙuli-ƙulin ma ba nesa yake ba, Nupawan Bida sun yi suna a kansa.

Wannan rabon aiki ilimi ne, ba gargajiya kawai ba. Sukari yakan fara narkewa ya yi ja idan zafi ya kai wajen digiri 160, ya zarce kaɗan sai ya ƙone ya koma ɗaci. Zuma ta fi shi saurin ƙuna. Garwashin mai balangu ya ninka wannan zafin. Awazu kuma nama ne mai jijiya da kitse, yana son wuta mai sanyi da dogon haƙuri kafin ya saki ƙashi. Wanda ya shafa zaƙi tun farko zai tashi da baƙin waje da ɗanyen ciki. Su kansu Amurkawan sai naman ya shafe sa'o'i cikin hayaƙi suke shafawa, a mintunan ƙarshe.

Abin da ya fi damuna ba ƙunar ba ce. Miya mai kauri tana rufe asirin nama. Balangu tsirara yake zuwa gaban mai saye, hanci da ido su yi masa hukunci; naman da ya kwana kuwa, in an lulluɓe shi da zaƙi, sai ciki ya ba da labari. A gari irin Minna, mai zafi da doguwar damina, inda wutar lantarki ba kullum take riƙe firji ba, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Gashinmu na gado ma yana da nasa laifin: naɗe nama a tsohuwar jarida, da barin kilishi a shanya ba rufi ƙudaje na sauka.

Mai gashin da ke son gwada zaƙi ya gwada, amma ya koyi darasin a wurin mai kilishi: naman yau, wuta a hankali, zuma a ƙarshe kuma kaɗan. Kai kuma mai saye, ka nemi a nuna maka awazun kafin a shafa masa komai.