3.4 Wasiƙun Palmer da Joyce a Kan Waƙoƙin Chamber Music

A shekarar 1907 aka buga Chamber Music a Landan, littafin James Joyce na farko, mai ɗauke da gajerun waƙoƙin soyayya guda 36. Kamar yadda aka sani, a al'adar Turai sau da yawa sha'iri daban ne, mai ɗora wa waƙa karin murya da kiɗa daban. Ta wannan hanya ce Geoffrey Molyneux Palmer (1882-1957) ya shigo. An haife shi a Ingila, amma asalinsa ɗan Ayalan ne, kuma can ya koma da zama a 1910. Shi ya fara rubuta wa Joyce, wanda a lokacin yake koyar da Turanci a Trieste, yana neman izini. Daga ƙarshe ya yi wa waƙoƙi 32 kiɗa.

Wasiƙar da ta fi muhimmanci ga mai nazarin zubi da tsari ita ce ta watan Yuli na 1909. A cikinta Joyce ya nuna cewa littafin jerin waƙoƙin rerawa ne, da shi makaɗi ne da ya yi musu kiɗa da kansa. Ya ce ta ɗaya da ta uku share fage ne, ta 14 ita ce ƙololuwa, daga nan al'amarin sai gangarowa har zuwa ta 34, biyun ƙarshe kuwa rataye ne. Manazarta kan ɗauki wannan bayani tamkar yankan wuƙa. To amma akwai abin lura a nan. Ƙanensa Stanislaus ne ya jera waƙoƙin yadda aka buga su, domin a lokacin Joyce ya fara dawowa daga rakiyar littafin. Ke nan wasiƙar fassara ce ta marubuci bayan aiki ya fita daga hannunsa, kuma ga alama sha'awar da Palmer ya nuna ce ta sa ya sake duban waƙoƙin da idon rahama.

Ta ɓangaren Palmer kuwa, abin ban tausayi ne. Joyce ya yi ta matsa masa ya buga aikin, har ya nuna zai taimaka da kuɗi a buga shi a Faris. A 1934 ma ya shaida wa ɗansa Giorgio cewa duk cikin waɗanda suka yi wa waƙoƙinsa kiɗa babu kamar Palmer. Duk da haka Palmer bai buga ba. Ciwon jijiyoyi ya nakasa shi, 'yan'uwansa mata masu makaranta ke riƙe da shi, ga shi kuma sunan Joyce ya ɓaci a Ayalan bayan fitowar Ulysses a 1922. Ana danganta nauyin jikinsa da waɗannan dalilai, ko da yake hasashe ne. Sai a 1993 Myra Russel ta buga rubutun kiɗan, bayan ta gano shi a wata jami'a a jihar Illinois ta Amurka.